Tsakanin Faɗa da Ka da Duba Littafi: Sharhi kan Manhajojin Harshe da Rumbunan Bayanansu

Sharhin wannan mako ya shafi wata larura ce da ta zame wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya ƙarfen ƙafa, irin su ChatGPT da Gemini da Claude, tare da hanyoyin da masana suka fi raja'a a kansu wajen rage ta. Larurar ita ce shaci-faɗi, ma'ana manhaja ta zubo magana tsararriya mai daɗin ji, ba gargada ba in'ina, alhali kuwa abin da ta faɗa ba shi da tushe balle makama. Hanyoyin biyu ne, kuma sun fara haɗewa wuri guda a 'yan shekarun nan: ta farko ita ce a sa manhajar ta zaƙulo bayani daga wani rumbun rubuce-rubuce kafin ta buɗe baki, ta biyu kuma a jingina ta da tsararren ilimi, wato bayanan da aka riga aka tantance, aka kuma jera su bisa dangantakar da ke tsakaninsu.

Ba za a gane amfanin maganin ba sai an san asalin ciwon. Abin da ake kira babbar manhajar harshe wani tsarin lissafi ne da ake horarwa ta hanyar ɗura masa ɗimbin rubutu daga littattafai da jaridu da shafukan intanet, ana ɓoye masa kalmar da ke gaba ana neman ya canko ta, in ya kuskure a ɗan gyara masa lissafi a sake gwadawa, haka har sau biliyoyi. Ginin da kusan dukkan waɗannan manhajoji suke tsaye a kansa shi ne wanda wasu masu bincike takwas na kamfanin Google suka bayyana a shekarar 2017 da sunan Transformer. Abin da ake gyarawa a lokacin horon wasu lambobi ne da za a iya kira ma'aunai, domin su ke ƙayyade nauyin da kowace kalma take da shi a kan 'yar uwarta, kuma manhajar GPT-3 da kamfanin OpenAI ya fitar a 2020 tana da irin waɗannan ma'aunai har biliyan 175. Duk abin da manhaja ta sani yana cikin ma'aunan nan ne, amma a narke yake kamar gishiri a miya, ana jin ɗanɗanonsa a kowace loma, sai dai babu mai iya tsamo ƙwaya guda ya ce ga ta, a kasuwa kaza aka sayo ta.

Akwai masu kwatanta wannan da hadda, amma kwatancin bai yi wa mahaddata adalci ba, domin alaramma lafazi yake riƙewa harafi da harafi, ya kuma san inda ya yi tuntuɓe har ya koma ya gyara. Ita manhaja kuwa salon magana ta fi riƙewa, ta san kamannin amsa mai kyau, amma ba ta da tabbataccen mizanin da zai raba mata abin da ta gani sau dubu da abin da ta harhaɗa yanzu-yanzu don cike gurbi. Bayan wannan kuma saninta yana tsayawa cik a ranar da aka rufe horo. ChatGPT na farko, wanda aka sake shi ga jama'a ranar 30 ga Nuwamba 2022, saninsa bai wuce watan Satumba na 2021 ba, saboda haka wanda ya tambaye shi shugaban Najeriya bayan ranar 29 ga Mayu 2023 yana iya jin sunan Muhammadu Buhari, ga shi kuwa Bola Tinubu ne a kan kujera. Sake horar da manhaja daga tushe don a gyara suna guda aiki ne mai cin watanni da miliyoyin daloli, babu kamfanin da zai yi shi duk lokacin da aka rantsar da sabon gwamna.

Illar hakan ta fito fili tun a watannin farko. A watan Fabrairu na 2023, cikin tallar da Google ya yi wa manhajarsa mai suna Bard, manhajar ta ce na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb ce ta fara ɗauko hoton wata duniya da ke wajen tsarin ranarmu, alhali wata na'ura ta ƙasashen Turai da ke ƙasar Chile ta riga ta yi hakan tun 2004, kuma darajar hannayen jarin kamfanin ta faɗi da kimanin dala biliyan 100 bayan an gano kuskuren. Abin da ya fi wannan ban tsoro ya faru ne a wata kotun tarayya da ke birnin New York, a shari'ar da wani fasinja ya shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca, inda lauyoyin mai ƙara suka kafa hujja da hukunce-hukuncen baya guda shida da ChatGPT ya ba su, kowanne da sunansa da lambarsa da ɗan tsakuren kalaman alƙali, amma ko ɗaya daga ciki ba a taɓa yin sa ba a duniya. Da ɗaya daga cikin lauyoyin ya ji shakka ya koma ya tambayi manhajar ko shari'un na gaskiya ne, sai ta tabbatar masa da cewa na gaskiya ne, wato ya tambayi mai zance ya zama shaidar kansa. A watan Yuni na 2023 alƙali Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000.

Dabarar zaƙulo bayani ta girme wa waɗannan manhajoji da shekaru masu yawa, domin asalinta ilimin neman takarda a ɗakin karatu ne. A shekarar 1972 wata masaniya ta Jami'ar Cambridge a Ingila, Karen Spärck Jones, ta nuna cewa kalmar da ba ta cika fitowa a takardu ba ta fi kalmar da ke ko'ina amfani wajen gano takardar da ake nema, kamar yadda kalmar "tazargade" za ta fi kalmar "da" shiryar da mai nema. A kan wannan tunani ne Stephen Robertson da abokan aikinsa suka gina ma'aunin da ake kira BM25 a shekarun 1990, wanda har yau injinan bincike da yawa ke aiki da shi. Rauninsa shi ne harafi yake bi, ba ma'ana ba, ta yadda wanda ya rubuta "likita" ba zai samu takardar da ta ce "ma'aikacin asibiti" ba. Don toshe wannan kafa aka ɓullo da hanyar mayar da kowace jimla wani dogon jerin lambobi da ke zama kamar adireshinta a cikin wani fili na ma'ana, inda jimlolin da suka yi kama a manufa suke zama maƙwabta ko da ba su haɗa kalma ko guda ba.

A shekarar 2020 ne Patrick Lewis da abokan bincikensa na sashen nazari na kamfanin Facebook, tare da wasu daga jami'o'in Landan da New York, suka ɗaura wa wannan dabara aure da manhajar harshe, suka kuma raɗa wa abin sunan da ake taƙaitawa da RAG, ma'ana samar da amsa bisa tallafin abin da aka zaƙulo. Sun ɗauki kundin Wikipedia na Turanci kamar yadda yake a watan Disamba na 2018, suka yayyanka shi gutsure-gutsure masu kalmomi 100 kowanne, suka samu gutsure miliyan 21, suka ba kowanne adireshinsa na lambobi. Idan tambaya ta zo, sai ita ma a mayar da ita lambobi, a ɗebo gutsattsarin da suka fi kusa da ita, a shimfiɗa su gaban manhajar, sannan ta tsara amsa tana dubawa. Wurin da ake shimfiɗa su ɗin za a iya kwatanta shi da allo, domin yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ana wanke shi da zarar an gama darasin.

Akwai wani gwaji a cikin wannan bincike da ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi ne ya nuna ainihin ribar dabarar. Masu binciken sun tara sunayen muƙamai 82 na shugabannin duniya waɗanda masu riƙe da su suka canza tsakanin 2016 da 2018, sannan suka yi ta tambayar manhaja guda, ba tare da sun taɓa ma'aunanta ba, suna musanya mata rumbu kawai. Da aka ba ta rumbun 2016 aka tambaye ta shugabannin 2016 ta dace a kashi 70 cikin ɗari, da aka ba ta na 2018 aka tambaye ta na 2018 ta dace a kashi 68, amma da aka ba ta tsohon rumbu aka tambaye ta sababbin shugabanni sai ta faɗo zuwa kashi 4. Ma'anar wannan ita ce an raba sani da iya magana, an mai da sani wani abu da ake iya cirewa a sa sabo kamar batir, kuma wannan rabuwa ita ce ta ba banki ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati damar jingina manhaja da takardunsu na cikin gida ba tare da sun horar da tasu ba. A ƙarshen 2021 kamfanin DeepMind ya ƙara tabbatar da hakan da manhajarsa RETRO, wadda aka haɗa ta da rumbu mai gutsattsarin kalmomi tiriliyan 2, ta kuma yi kafaɗa da kafaɗa da GPT-3 a wasu gwaje-gwaje duk da cewa ma'aunanta sun gaza nasa ninki 25.

Sai dai wanda ya ɗauka cewa daga nan shaci-faɗi ya ƙare ya yi gaggawa. Abin da zaƙulowa ta yi shi ne ta ɗauke matsalar daga kan manhajar ta mayar da ita cikin rumbu, kuma abin da aka zuba a rumbu shi ake ɗiba, in tsaba tsaba, in ƙaiƙayi ƙaiƙayi. A watan Mayu na 2024, lokacin da Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta manhaja a saman sakamakon bincike a Amurka, an ga ta shawarci masu gasa fiza da su zuba gam a cikin miyarta don cuku ya manne, an kuma ga ta ce cin ƙaramin dutse kullum yana da amfani ga jiki. Manhajar ba ta ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, zaƙulo su ta yi da aminci: na farko daga wata tsohuwar raha da wani ya rubuta a dandalin Reddit shekaru 11 kafin lokacin, na biyu kuma asalinsa jaridar barkwanci ce mai suna The Onion. Na'urar zaƙulowa kusancin ma'ana take aunawa, ba ta auna gaskiya, ba ta kuma gane gatse.

Ko a inda rumbun yake da tsabta ba a tsira ba. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin binciken shari'a na kamfanonin LexisNexis da Thomson Reuters a shekarar 2024, waɗanda aka jingina su da kundayen hukunce-hukunce na gaskiya, aka kuma tallata wasunsu da cewa sun rabu da shaci-faɗi, sai suka iske suna kawo kuskure a tsakanin kashi 17 zuwa 33 cikin ɗari na tambayoyin. Wani nau'in kuskuren da suka lura da shi ya fi ƙagen shari'a wuyar kamawa, wato manhaja ta ambaci hukuncin da aka yi da gaske, amma ta jingina masa abin da bai faɗa ba. Shari'ar kamfanin jiragen Air Canada ta watan Fabrairu 2024 ta nuna kwatankwacin haka, domin manhajar da ke amsa wa fasinjoji a shafin kamfanin ta gaya wa wani da aka yi wa rasuwa cewa yana iya neman rangwamen kuɗin tikiti bayan ya yi tafiya, ta kuma haɗa masa da hanyar zuwa shafin ƙa'idar, alhali shafin da ta nuna ɗin akasin haka ya ce. Hukumar sasanta ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia ta yanke cewa kamfanin ne ke da alhakin abin da manhajarsa ta faɗa. A nan ne hikimar malaman hadisi take da abin koyarwa ga injiniyoyi, domin su ba su taɓa ɗaukar samuwar isnadi kaɗai a matsayin hujja ba, sai sun bi maruwaita ɗaya bayan ɗaya sun auna gaskiyarsu da ƙarfin kiyayewarsu, sun kuma duba matanin kansa. Zaƙulowa ta samar wa manhaja isnadi, amma ilimin auna maruwaita har yanzu yana jariri.

Faɗaɗa allon ma bai zama waraka ba. Wani bincike na 2023 da Nelson Liu ya jagoranta ya nuna cewa idan aka jera wa manhaja takardu 20, takan fi cin moriyar wadda ke farko ko ƙarshe, ta yi sakaci da ta tsakiya, har a wani gwajin manhajar da aka ɓoye mata amsa a tsakiyar tarin takardu ta gaza wadda ba a ba ta takarda ko ɗaya ba. Sannan akwai haɗarin cewa mugu ya ɓoye umarni a cikin shafin da ya san za a zaƙulo, manhajar ta karanta ta ɗauka daga mai gidanta ne.

Wani giɓin kuma daga yanayin tambayar yake tasowa, kuma shi ne ya dawo da martabar tsararren ilimi. Idan aka tambayi sunan kogin da ya ratsa babban birnin ƙasar da ke arewa da Sakkwato, mai yiwuwa babu wani gutsure guda da ya ƙunshi amsar, domin sai an taka matakai uku: ƙasar ita ce Nijar, babban birninta Yamai, kogin kuma Kwara, wanda ake kira Neja. Neman kusancin ma'ana zai ɗebo takardu a kan Sakkwato da koguna, wataƙila ya kawo Gulbin Rima, ya bar hanya. Tsararren ilimi kuwa yana ajiye kowane bayani ne a kan ƙafa uku kamar duwatsun murhu, wato abu, da dangantaka, da abin da aka danganta shi da shi: Yamai, babban birnin, Nijar. Idan aka tara miliyoyin irin waɗannan, ƙarshen wani ya zama farkon wani, sai a samu abin da za a kira taswirar dangantaka, wadda na'ura ke iya bi daga gaɓa zuwa gaɓa kamar yadda masanin salsala ke bin wane ɗan wane har ya kai ga kakan kakanni, kuma kowane taki da ta yi ana iya nuna shi a duba.

Wannan buri ma tsoho ne. Douglas Lenat ya fara aikin Cyc a 1984 da niyyar rubuta wa kwamfuta dukkan sanin yau da kullum da hannu, har irin cewa ruwa gangare yake bi, ya kuma shafe kusan shekaru 40 a kai har rasuwarsa a 2023 ba tare da aikin ya kai inda aka yi fata ba. Abin da ya fi tasiri shi ne taswirar da Google ya sanar a watan Mayu na 2012, mai abubuwa miliyan 500 da bayanai biliyan 3.5, wadda aka gina wani ɓangarenta a kan rumbun Freebase da kamfanin ya saya a 2010. Misalin da suka bayar a lokacin shi ne sunan Taj Mahal, wanda ke iya nufin shahararren ginin nan na Indiya, ko wani mawaƙin Amurka, ko wani gidan caca. A watan Oktoba na 2012 kuma aka buɗe Wikidata, rumbun da kowa ke iya gyarawa, wanda yau ya haura abubuwa miliyan 100, kowanne da lambarsa da ba ta canzawa ko da wane harshe aka kira shi. Najeriya ita ce Q1033, Nijar kuma Q1032. Amfanin lambar yana fitowa ne idan aka tuna cewa a rubutun Turanci kalma guda ce take nufin ƙasar Nijar da jihar Neja da kogin, rikicin da Bahaushe ya warware wa kansa a baki, amma na'urar da ke bin haruffan Turanci takan faɗa cikinsa.

Taswira mai kyau ba ta tsaya ga ƙafa uku kawai ba, tana rataya wa kowane bayani lokacin farawarsa da na ƙarewarsa da madogararsa. Sarautar Kano ta isa misali. An tuɓe Muhammadu Sanusi na biyu ranar 9 ga Maris 2020 aka naɗa Aminu Ado Bayero, sannan a watan Mayu na 2024 majalisar dokokin jihar ta soke dokar masarautu ta 2019, gwamnati ta mayar da Sanusi, lamarin ya kuma shiga kotu. Na'urar da ke zaƙulo gutsattsarin jaridu za ta ɗebo na 2018 da na 2021 da na 2024 a tafi ɗaya, kowanne yana cewa "Sarkin Kano" yana nufin wanda yake nufi, manhajar kuma ta gauraya su ko ta zaɓi wanda ya fi yawa. Tsarin Wikidata kuwa yana ba da damar a ajiye da'awa fiye da ɗaya a kan abu guda, kowace da kwanan watanta da wanda ya faɗe ta, ta yadda amsar da za ta fito za ta iya cewa ga abin da ya faru a shekara kaza, ga kuma inda ake jayayya. Tsari ba ya yanke hukuncin da kotu ba ta yanke ba, amma yana hana a shafe saɓani a nuna kamar babu shi.

Tsadar wannan hanya ita ce aikin hannu, kuma darasin Cyc ke nan. Shi ya sa a 2024 masu bincike na kamfanin Microsoft suka fito da tsarin GraphRAG, inda manhajar harshe da kanta take karanta tarin takardu, ta tsamo sunayen mutane da wurare da hukumomi da alaƙarsu, ta saƙa taswirar, sannan a karkasa ta unguwa-unguwa a rubuta wa kowace unguwa taƙaitaccen bayani. Wannan yana taimakawa wajen tambayoyin da suka shafi rumbu gaba ɗaya, kamar neman manyan batutuwan da suka fi yawo a cikin rahotanni dubu, waɗanda ɗebo gutsure biyar ba zai amsa su ba. Amma mai lura zai ga inda gizo ke saƙar: manhajar da ake zargi da shaci-faɗi ita aka ba aikin gina ma'aunin da za a auna ta da shi, kuma kuskuren da ya shiga taswira ya fi na baki haɗari, saboda ya sa rigar tabbaci.

Ga masu magana da Hausa, dukkan wannan bayani yana komawa ga tambaya ɗaya, wato me ke cikin rumbun. Wikipedia ta Turanci tana da maƙaloli sama da miliyan 6, ta Hausa kuwa a dubbai ake ƙirga nata, saboda haka tambayar da aka yi da Hausa sau da yawa ba ta da takardar Hausa da za ta amsa ta. Wannan ne ya sa masu bincike na Afirka, da yawansu 'yan ƙungiyar Masakhane, suka fitar da kundin gwaji mai suna AfriQA a 2023, mai tambayoyi sama da 12,000 a harsunan Afirka goma har da Hausa, inda ake yin tambaya da harshen gida, a zaƙulo amsa daga takardun Turanci ko Faransanci. Dabara ce mai amfani a fannin kimiyyar lissafi ko ilimin taurari, inda gaskiya ɗaya ce a ko'ina. A fannin noma ko gado ko sarauta ko maganin gargajiya kuwa, takardar da aka rubuta don manomin wata nahiya tana iya zama kusa da tambayar a ma'ana, ta kuma yi nesa da gonar mai tambaya a ƙasa da damina.

Rubutun Hausa kansa yana da tarkunan da na'urar zaƙulowa ke faɗawa. Boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gari" na mazauni da "gari" na tuwo kamanninsu ɗaya, haka "fari" na launi da na rashin ruwan sama. Ɗimbin abin da ake rubutawa a waya kuma babu ƙugiya, sai "ƙasa" ta koma "kasa", "baƙi" ya koma "baki", kuma wanda ya nemi ɗaya ba zai samu takardar da aka rubuta da ɗayan ba sai in an koya wa na'urar cewa abu guda ne, a wani wurin kuma ba guda ba ne. Jam'i ma ba ya bin hanya ɗaya, domin babu ƙa'idar yanke wutsiyar kalma da za ta mayar da "birane" zuwa "birni" ko "jirage" zuwa "jirgi". Irin wannan sani na ƙamus, wanda Bargery ya tattara da yawansa a ƙamusinsa na Hausa tun 1934, shi kansa tsararren ilimi ne, kuma Wikidata tana da sashe na musamman da ake shigar da kalmomi da sigoginsu da ma'anoninsu. A 2021 an zaɓi Hausa, tare da Ibo da Bengali da Malayalam da Dagbani, cikin harsunan da za a fi mayar da hankali a kansu a wannan sashe, a ƙarƙashin shirin da Denny Vrandečić, wanda ya assasa Wikidata, ya ɓullo da shi na samar da maƙaloli a harsuna da yawa kai tsaye daga tsararrun bayanai.

Mafi yawan abin da Hausa ta mallaka na sani kuwa bai riga ya shiga sigar da na'ura za ta iya laluba ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, gidajen rediyo na Kaduna da Kano da Yamai sun tara faifai da kaset na hirarraki da malamai da masu sana'a da makaɗa, kuma akwai rubuce-rubucen ajami a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ban da waɗanda ke cikin gafakar malamai a zaurukansu. Ɗaukar hoton shafi mataki ne na farko kawai, domin hoto ba ya zaƙuluwa sai an mayar da shi haruffa, kuma na'urorin da ke karanta Larabcin ɗab'i suna rikicewa a gaban rubutun hannu na warash da ɗigo-ɗigon da marubutan ajami suka ƙara don sautukan Hausa. Faifan murya shi ma sai an juye shi zuwa rubutu, an sa masa kwanan wata da sunan mai magana da garin da aka ɗauka, kafin manhaja ta iya cewa ga wanda ya faɗa, ga kuma ranar da ya faɗa.